Guzurin Sarauniyar Tururuwa

"Baɗi ni zan noma gonata," in ji Kawu, yana tsaye cikin karan dawar da na girbe. "Aro ai ba kyauta ba ne, ɗana."

Fako ne ya ara mini a hanyar Kurfi bayan na gama sakandare, wurin da ko ƙaya ba ta fitowa. Na yi ta kwaso busasshen ganye da kowar wake daga Dutsin-Ma ina binnewa a rami. 'Yan acaɓa suna tsokanata: "Ɗan boko, duk miyar ce haka?" Na ci gaba da binnewa.

A waya na ga wata tururuwa ta Kudancin Amurka mai yanka ganye. Ba cinsa take yi ba. Ƙarƙashin ƙasa take kai shi, fumfuna ta tsiro a kai, fumfunar ce abincinta. Noma take yi. Ni ma na binne, ƙasa ta yi baƙi, dawa ta fi ni tsawo. Sai Kawu ya tuna yana da gona.

"Kwashe kayanka," ya ce.

Na durƙusa bakin ramin, na cika aljihun rigata da ruɓaɓɓen taki mai ɗumi.

Ya yi dariya. "Iyakar rabonka ke nan?"

"Ya isa, Kawu."

Idan sabuwar sarauniyar tururuwar nan za ta bar gidan da aka haife ta, ba ta roƙon kowa ɗaki. 'Yar fumfuna take ƙunsawa a baki ta tashi, duk inda ta sauka kuma nan ne gona.