Tasi Mai Shuɗiyar Ƙofa

Babba ya ɗaga dami na shida na takardu, kyankyasai suka watse, magatakardan kotun ya ja tsaki ya koma kan kujerarsa. Tun da aka zaftare albashi ba wanda ya ƙara jera komai a ɗakin nan. Takardun laifin tuƙi suna zube a ƙasa kamar kayan gwanjo, duk mai nema sai ya tona da kansa.

Yayansa Abdussamad, mahauci, yana tsaye a kansa da wuƙar aiki cikin riga. Kwana goma sha ɗaya ke nan da binne Rahmatu, matar Abdussamad. Ranar Alhamis da rana tsaka rikici ya ɓarke, aka cika unguwarsu ta Briqueterie da barkonon tsohuwa. Ta fito ɗauke kaskon ƙosanta daga bakin titi, wata tasi ta ɓullo daga cikin hayaƙi a guje ta bi ta kanta. Direban bai tsaya ba. Ba wanda ya ga fuskarsa, don ranar kowa ya naɗe hanci da tsumma. Abin da aka shaida kawai, ƙofar motar ɗaya shuɗiya ce. Washegari aka tsinci motar a ƙone bayan unguwar Tsinga, ba lamba, ba mai ita.

Da maganar ta mutu a nan, sai wani mai gyaran takalma ya tuna cewa da hantsin ranar ya ga ɗan sanda ya tare motar a mararrabar Messa, ya rubuta takarda, ya riƙe lasisin direban. Lasisin da ba a je an karɓa ba kuwa, kotu ake tura shi.

Babba ya so ya zo shi kaɗai. Shi ne ya yi lakwal, wato makarantar boko, a gidan, shi ke karanta Faransanci, kuma ɗinkin da yake yi ya mutu, ba abin da yake da shi sai lokaci. Abdussamad ya ce ƙafarsa ƙafar Babba. Tun safe suke nan, Babba na buɗe takardu a hankali, zufa na ɗiga daga gemunsa, yana addu'a ƙasa-ƙasa.

A dami na tara takardar ta fito. Ranar Alhamis, Messa, rashin fitilar baya. An maƙale lasisin a jikinta da allura. Babba bai kai ga buɗe baki ba, Abdussamad ya fizge, don hoto ba ya bukatar lakwal. Doguwar fuska, ɗan gemu, hula zanna, irin fuskar da ɗan sandan kudu ba ya bambanta ta da ta rabin mazan unguwa. Amma su sun san ta.

"Haman," in ji Abdussamad. "Haman da ya ɗauki makara tare da mu."

Haman tsohon direba ne, maƙwabcinsu, mutumin da ko allura ka tambaye shi aro ba ya iya cewa a'a.

Bayan la'asar suka shigo unguwa. Labari ya riga su, matasa sun biyo da duwatsu da guntayen katako. Abdussamad na tafiya kamar mai ciwon ƙafa, baƙin ciki ya yi masa nauyi. Babba kuwa gudu yake. Ya wuce masu tsire, ya sure ƙarfen kwance taya a gaban mai faci, ya tarar da Haman zaune kan benci yana goge ƙafa bayan alwala.

Haman ya ɗago da fara'a. "Yawwa Babba, dama ina nemanka. Ina..."

Ƙarfen ya same shi a baki. Haƙora suka zubo a kan rigarsa. Ya faɗi yana ɗaga hannu, Babba ya sake kai masa a muƙamuƙi, ya ƙara, duk a wuri guda, har ƙashin ya yi ƙara. Matasa suka rufe shi da duwatsu. Da Abdussamad ya iso ya zare wuƙa, liman da dattawa uku suka rirriƙe shi, Babba yana kuka yana ihu a sake shi ya gama aikin. Ranar har masu tausayin Haman sun ce ba su taɓa ganin ƙanin da ya ji mutuwar matar yayansa haka ba.

Haman bai mutu ba. An ɗaure masa muƙamuƙi da waya, likita ya ce ko ya warke da wuya harshen ya sake juyawa. Ɗan sanda ya so Haman ya rubuta jawabinsa da hannunsa, Babba ya ce kada ya wahalar da kansa, mutumin ko ƙofar lakwal bai taɓa takawa ba. A ranar Babba ya ci abinci ya ƙoshi.

Kwana uku bayan haka liman ya aiko su zo asibiti. Haman na kwance, fuska a kumbure, idanunsa a kan Babba. Ɗan sandan ya miƙo wata takarda, ya ce da safe majinyacin ya yi ta nuna biro har aka ba shi, ya yi zane-zane daga dama zuwa hagu, shi dai bai gane komai ba.

Babba ya yi saurin matsowa. Ya miƙa hannu, amma wannan karon ba a bukatarsa, ajami ne, kuma tare Abdussamad da Haman suka yi makarantar allo. Abdussamad ya kai takardar kusa da ido, ya karanta a fili, kalma bayan kalma:

"Ranar Alhamis zazzaɓi ya kwantar da ni, Babba ne ya ari lasisina ya fita da mota."