Tsamiyar Gonar Baba

Ina yaro, an share bishiyoyin gonakin shinkafar Kura fetal, sai tsamiya ɗaya da Baba ya ƙi sarewa, maƙwabta na mita wai tana tara tsuntsaye.

Wata la'asar bijimi ya tsinke igiya ya yo kaina. Wallahi ƙahonsa ya fi ni tsawo! Ina jin hucinsa a ƙeyata Baba ya ƙwala ihu: "Tsamiya, ɗan nan! Hau tsamiya!"

Ni da ko katanga ba na iya hawa, sai ga ni a ƙololuwa, wando jiƙe sharkaf.

Bara aka yi gawayi da ita. Yanzu in na hango 'ya'yana a gonar, sai in tambayi kaina: shinkafa za su hau?