Ɓeran da Ya Daina Janye Ƙafa

Tunda ka ce wata mai kamawa za ka fara ganin marasa lafiya, zauna in ba ka wani misali, don na lura kana ji da na'urorin nan naka fiye da kima.

An yi wani mai bincike da ya shekara bakwai a wani ɗaki marar taga, daga shi sai fararen ɓeraye a keji. Ka san maganin ciwon daji da ake ɗura wa mutum yana kashe cutar, amma a kan hanya yakan lalata jijiyoyin da ke kai wa yatsu ji, har mutum ya riƙa jin kamar garwashi yake takawa. To, maganin wannan ƙunar mutumin yake nema. Sai ya yi wa ɓera allurar maganin dajin, ya ba shi nasa haɗin da yake gwadawa, ya ɗora shi a kan ragar waya. Daga nan ya ɗauki wani zaren roba siriri kamar gashin jelar doki, ya tsikari tafin ƙafarsa ta ƙasa. In ɓera ya fizge ƙafa, ya rubuta yana jin ciwo. In bai fizge ba, ya rubuta ya samu sauƙi. Ɓera dai ba ya magana, saboda haka a hankali mutumin ya manta yadda ake tambaya, ido kawai ya sani. Abokai suka gaji da nemansa suka bari, ko abincin rana a tsaye yake ci tsakanin kejuna. Ranar da wasu daga cikin ɓerayen suka daina janye ƙafa ya yi murna ƙwarai, sai dai ya duba ɗakin bai ga wanda zai gaya wa ba.

A gida mutum ɗaya gare shi, yayarsa da ta raine shi, wadda ta dawo wurinsa bayan rasuwar mijinta. Ɗinkin hula take yi, shi ne sana'arta, shi ne kuma abokin hirarta, don in ƙanen nata ya fita da safe ba ta ƙara jin muryar kowa sai ya dawo. Allah ya jarabce ta da ciwon daji, aka fara ɗura mata magani duk bayan mako uku. Da farko ta yi ta kukan yatsunta na zugi, daga baya ta yi shiru. Shi kuwa gwani, maimakon ya buɗe baki ya ce Yaya, yaya hannun, sai ya zo da zarensa daga wurin aiki ya tsikari yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ko motsa ba. Ya ce mata ta warke. Ta dube shi kamar za ta yi magana, sai ta tuna shi ne ya yi karatu, ga shi kuma rabon da ta ga haƙoransa a waje har ta manta. Ta ce, "Tunda kai ka faɗa, alhamdulillahi." Duk zuwa asibiti likita yakan tambayi labarin yatsu, domin in sun fara taɓuwa a rage ƙarfin maganin tun da wuri. Kafin ta amsa ƙanen ya riga ta, ya ce ya auna da kansa, lafiya lau. Sau huɗu ana haka, ana ɗura mata maganin da cikakken ƙarfinsa.

Wata ranar Juma'a ya dawo da wuri, ya tarar da hular da take ɗinka masa a kan tabarma. Ya ɗauka don ya yaba, sai ya ga farin ƙyallen duk ɗigo-ɗigon jini, wani ya bushe ya yi baƙi, wani sabo. Allura ce take shiga yatsanta ba ta sani ba, sai ta ga ja a kan zare. A ranar ne ya yi tambayar da ya kamata ya yi tun wata uku da suka wuce. Ta ce masa tun da zugin ya tafi, ji take kamar hannun wani aka ara mata. Washegari ya koma ɗakinsa marar taga, ya ɗauko ɓerayen da ya rubuta sun warke, ya matse musu ƙafa sosai, ko gezau ba su yi ba. Jijiyar ce ta mutu. Aikin shekaru ya rushe, amma ba wannan ya fi ci masa rai ba. Ciwon dajin ya bar yayarsa, jin yatsunta kuwa bai dawo ba. Ba ta taɓa ɗora masa laifi ba, wallahi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta koma zama da hannaye a cinya daga safe zuwa yamma, hular tana rataye a ƙusa, rabi da ado rabi fari. Har yau in na tuna matar nan sai tausayi ya kama ni.

Ɓera ba shi da baki, dole a yi masa awo. Wanda zai zauna a gabanka kuwa Allah ya ba shi harshe. Ka tambaye shi, ka kuma yi shiru har ya gama, ko da iliminka ya kai ina. Ba a banza Hausawa suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo ba.