Hira da Malam Sabo

Gurbi ɗaya ne mai tallafin karatu a digiri na biyu na ilimin zamantakewa, masu nema kuwa sun haura talatin. Kamilu ya shekara huɗu a Bacirawa yana goge takalminsa yana jiran aiki, masara kuma kullum sai hawa take. Ya san in wannan ya kuɓuce masa, sai facin taya.

Ya zaɓi jami'ar da dabara. A can Dakta Furera ce ke tantance masu neman binciken karkara. Ya ga hotonta da tabarau, ya yanke cewa 'yar birni ce da ba ta iya raba gero da maiwa ba.

Sharaɗin shi ne mai nema ya kawo ɗan binciken gwaji. Kamilu ya hau mota zuwa wani ƙauye a bayan Bagwai. Ya tarar da kowa yana gona ana noman farko, shi kuwa bai sayi farin yadi don ya shiga kunya-kunya ba. Ya zauna a rumfar mai shayi yana nuna gidaje da biro.

"Wancan mai babban zauren fa, na wa ne?"

"Gidan Malam Sabo ke nan, ranka ya daɗe. Gandunsu ne ka wuto."

Ya rubuta. Kafin shayinsa ya huce ya tara sunaye ashirin. Amsoshin kuwa a ɗakinsa ya tsara su, don a ganinsa bakin manomi ɗaya ne ko'ina. Malam Sabo ya fi kowa samun rabo: shekara saba'in, haƙora uku, da magana mai daɗin kafa hujja, wai sa 'ya mace a boko zuba taki ne a gonar wani.

Ranar tantancewa Dakta Furera ba ta tambaye shi ra'ayin masana ko ɗaya ba, duk da ya haddace su. Ta buɗe shafi na shida, inda maganar Malam Sabo take, ta daɗe a kai.

"Malam Kamilu, da bakinsa ya faɗa maka wannan?"

"Da bakinsa, Dakta. A zaurensa, watan jiya. Har fura ya sa aka damo mini. Ai mutanen nan sai haƙuri, kansu a tukunya yake."

"Ya jikin nasa?"

"Garau. Sai dai jahilci."

Ta gyaɗa kai, ta rufe takardun, ta ajiye su nesa da sauran. Kamilu ya ɗauka ware zakara aka yi, ya gyara zaman hula.

"Na gode da ka gano mini shi," ta ce. "Mu dai 'ya'yansa shekara tara ke nan da muka binne Baba, kuma a kan kekensa ya kai ni firamare."