Guntuwar Allura

Likita ya ajiye ƙaramin faranti a gaban tela. "Ga abin da muka ciro daga wuyan matarka. Saura ƙiris ya huda jijiyar jini."

Guntuwar allura ce, har ta yi baƙi. Tela ya gane ta. Shi ke soke allura a matashin kai idan ya gama ɗinkin hannu, wai kada ta ɓata.

Tun bara matar ta daina juyowa idan yana magana. "Wuyana ne," take cewa. Shi kuwa ya ce raini ne, har ya kai ƙararta wurin iyayenta.

Da ta farfaɗo bayan tiyatar, ta juyo a hankali. "Maigida, yau ga ni ina kallonka."

Shi ne ya kasa ɗago kai.