Jeren Inna a Ƙarƙashin Rairayi

Tun da rairayi ya binne garin Dogon Marke, doka ɗaya ce: wanda ya faɗi abin da ke ƙasa kafin a tona, filin nasa ne. Tabarau mai ganin ƙarfe kuwa ba ya aiki sai cikin duhu, shi ya sa bayan isha'i Ladidi ta ja yayanta Barau da malamin filaye, tana gaba suna haki a baya.

Tana saka tabarau sai ƙasa ta kama ƙyalli kamar taurari sun zube. Ga ƙusoshi, ga fartanya. Can ta hango tasoshi a jere, manya a ƙasa, ƙanana a sama.

"Yaya, ga ɗakin Inna! Wallahi jerenta ne, tasa goma sha biyu!"

Malamin ya duba da nasa tabarau. "Sha ɗaya nake gani, Hajiya. In kin kuskure, fili ya zama na hukuma."

Ladidi ta yi dariya, ta zaro 'yar tasa daga jaka. "Ga cikon. A ciki Inna ta zuba mana guzuri ranar da muka tashi, ta ce ita ba inda za ta."

Malamin ya buga hatimi. Ladidi ta rangaɗa guɗa, Barau har da rawa.

"Saura waɗannan," in ji malamin, yana nuna awarwaro biyu da ke haske kusa da jeren. "Me za a rubuta?"

Barau ya daina rawa. Na Inna ne, ko barci za ta yi ba ta cire su.

"Nan ba a tonawa," in ji Ladidi.