Yatsa Ɗaya a Bakin Tanderu

Ke da kike cewa ba kya iya jin kukan ɗanki, gyara zama in ba ki wani misali.

An yi wata mata mai gasa gurasa a cikin gida. Shekara tara tana neman haihuwa kafin Allah Ya ba ta 'ya mace, don haka ta ɗauki son duniya ta ɗora mata. Yarinyar kuwa da ta fara tafiya sai ta zama sarkin karambani. In uwa na kwaɓa fulawa, hannunta na cikin kwano. In ana tankaɗe, ta yi fari fat har gira. Komai sai ta taɓa, komai sai ta ce, "Mene wannan?" To, su masu gurasa suna da wata al'ada tun kaka da kakanni. Ranar da yaro ya fara rarrafe wajen tanderu, sai a jira an kwashe gurasa, zafi ya ɗan sauka, a kama yatsansa ɗaya a dangwala a bakin tanderun, a ce masa, "Wuta!" Zai tsala ihu, yatsa ya yi ja kwana biyu, shi ke nan, ya gama zuwa wurin har ya yi hankali. Uwar mijinta, wadda ta tsufa a kan sana'ar, ta ce mata ta yi. Ta ce, "Haba Inna, in ƙona 'yata da hannuna? Wallahi ba zan iya ba." Tsohuwa ta faɗa sau ɗaya, ta faɗa sau uku, har ta kama yarinyar za ta yi da kanta, uwa ta fizge abarta tana hawaye. Daga nan tsohuwa ta ƙyale ta. Uwar kuwa, wai ita mai tausayi, sai ta ɓullo da tata dabarar. Ran Juma'a da ba ta gashi, tanderu ya huce, takan gutsuro wa yarinyar ɗan kwaɓi, ta ɗora ta kan kujera 'yar tsugunne, ta jiƙa mata hannu, ta nuna mata yadda ake zura hannu a manna kwaɓin a bangon tanderun. Yarinya ta manna, uwa ta yi tafi tana dariya, tana cewa 'yarta ta gaje ta. Kaico, ita a ganinta wasa take koya mata.

Abin da ta manta, ba a manna gurasa wuta na ci. Sai karan da aka hura ya cinye, harshen wuta ya mutu, toka ta rufe garwashi, sannan bango ya yi zafin da ake so. A idon yaro, tanderun da ya fi kowane zafi da wanda ya kwana uku a sanyi duk ɗaya ne. Wata Asabar da hantsi ta ƙona karanta, wuta ta lafa, ta shiga ɗaki ɗauko faifan da take jera gurasa. Ko minti biyu ba ta yi ba. Yarinya ta ga ba wuta, ta ga kwaɓi a buɗe, ta gutsura, ta jawo kujerarta kamar yadda aka koya mata, ta zura hannun dama har kafaɗa. Ƙarar da uwar ta ji daga ɗaki, har ta koma ga Allah ba ta daina jin ta ba. Wata biyu suka yi a asibiti. Rai dai ya tsira, amma yatsun nan sun warke a manne, a dunƙule, ba su ƙara buɗuwa ba. Ranar da suka dawo gida uwar ta leƙa tanderun, don ba wanda ya iya taɓa shi tun ranar, sai ga 'yar gurasa kamar tafin hannu manne a bango, ta ƙone ƙurmus, da shaidar ƙananan yatsu biyar a jikinta. Nan ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi a asibiti ba. Mata suka riƙa shigowa jaje, wannan ta ce sannu, waccan ta ce Allah Ya kiyaye gaba. Yarinyar ta girma tana cin tuwo da hagu, duk baƙon da bai sani ba sai ya tsawata mata, uwar na zaune tana ji.

Ta ƙi jin kukan yatsa ɗaya, ta sayar da hannu sukutum. Shi ya sa Hausawa suka ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.